Innar Dashe da Shingen Makarantar Yara

Kafin ma'aikatan gandun renon itatuwa su gama gaisawa, Innar Dashe ta riga ta shiga tsakanin layukan tsiro da butar ban ruwa, tana yi wa wanda ya ƙi girma faɗa kamar jikanta. Haka take tun da jan ƙarfinta, har gwiwa ta ce ta gaji. A wannan watan za ta ajiye aiki.

Akwai itatuwan ado masu siraran ganye, cunkus a kan reshe, waɗanda ido ba ya iya raba su. Inna kan ce kama da wane ba wane ba ne. Sai ta karya ganye ɗaya. In farin ruwa kamar madara ya ɓullo, ta san dangin nan mai dafi da ake tsoro ne, ta je ta wanke hannu. In bai ɓullo ba, ta murza ta shinshina.

Wata safiya, shekaru da yawa da suka wuce, ta raka jikarta makarantar ƙananan yara, ta tarar da sabon shinge ya yi furanni rawaya, yara suna tsintar 'ya'yansa suna wasan girki. Shugabar makarantar ce ta dasa shi da hannunta, tana kuwa ji da shi. Inna ta karya ganye, sai ga farin ruwan ya ɓullo. Ta ja shugabar gefe.

"'Yata, shingenki ya yi kyau, amma ƙwallon 'ya'yansa ɗaya a cikin yaro ya isa ya kashe shi."

Shugabar ba ta yi musu ba, ta aika a kawo fartanya. Inna ta ce fartanya ta jira tukuna. Mai gadi ya shaida yadda ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana buɗe tafi da aljihu, tana yi musu wasa kada su firgita. Wata 'yar mitsitsiya daga kumatunta aka ciro ƙwallon, ba ta kai ga fasa shi ba.

Ke ce mai ido a yatsu, Inna. Ke ce kika duƙa da wannan gwiwar kika dasa musu wani shingen mara dafi. Wanda ya tare masifa kafin ta auku ba a cika tuna shi ba, shi ya sa muke gode miki a gaban jama'a. Allah Ya saka da alheri. Mu kuma mu yi koyi da ke: in mun ga abin cutarwa a fannin da muka sani, kada kunya ta rufe mana baki. Yarinyar nan da aka ciro wa ƙwallon tana raye, yau ita ma goyo take yi.