Hancin Inna Gudiya da Rudu Biyu

Kowa a Aliero ya san albasa, amma Inna Gudiya ta san cikinta. A Sarandosa aka haife ta, aure ya kawo ta, kuma shekara talatin ke nan tana zaɓen albasa kafin a zuba a rudu, wato gadon karan da ake rufewa da ciyawa a ajiye amfani har ya yi daraja. Ta latsa wuyan albasa, ta kai hanci, shi ke nan ta san wadda za ta kai damina da wadda za ta ruɓar da 'yan uwanta.

Mijinta Sanusi ma aikinsa ke nan. Rumfa ɗaya suke zama a gonar Alhaji Malami, maza nan, mata can. Sai dai in la'asar ta yi, a ba namiji cikakken lada, a ba mace rabi, a cika mata da albasar da aka ware. Haka aka gada. Gudiya na dariya tana cewa miyar gidanta ta fi ta kowa albasa, amma abin na ci mata rai.

Ana nan sai ɗiyarta Zinatu ta samu aikin shara a wani asibitin gwamnati a Jega. Da ta zo gida ta ce albashinta ɗaya da na mazan da ke matakinta. Gudiya ta sa ta maimaita har sau uku.

Washegari ta tari Malami. "Alhaji, gwamnati ma ba ta duba ɗankwali in za ta biya. Mi ya sa mu rabi?"

"Inna, maza sun fi sauri."

"Sauri ya haifi nawa. Ba mu rudu guda, ka ba maza guda. In namu ya riga ɓaci, na bar aikin ga har abada. In ya tsira, ladanmu ɗaya."

Malami ya amince, yana ganin wasa ne. Ita kuwa da ta koma gida gabanta ya faɗi, don ba ta da wata sana'a. Wata huɗu cur, ko hadari ya haɗo sai ta garzaya ta duba ciyawar rudunsu. Sanusi kuma ga tsokana, kullum sai ya tambaye ta ko ta fara koyon suyar ƙosai.

Ranar buɗewa aka taru. Da aka yaye ciyawar rudun maza, sai kowa ya toshe hanci. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya zama ruwa. Aka matsa ga na mata. Gudiya ta tura hannu har gwiwa, ta ji ɓawo na ƙaras-ƙaras, ta zaro wata jawur ta miƙa wa Malami. Ya juya ta, ya latsa, ya sa aka tono ta ƙasa. Ita ma garau.

"Kin ci, Inna," in ji shi. "Ke za a riƙa ba cikakke."

"Ni kaɗai? Mu bakwai munka zaɓe ta."

Ya sosa ƙeya, ya dubi matan, ya ce to, duka. Guɗa ta tashi, Gudiya ta taka rawa da tsufanta har zane na neman kwancewa.

Da kakar albasa ta zagayo, ranar farko aka miƙa wa Sanusi ladansa, aka miƙa mata nata, babu bambanci. Hawaye suka zubo mata, na murna zalla. A hanyar gida Sanusi ya yi gyaran murya.

"Gudiya, in gaskiya za a bi, ke ya kamata a ba fiye da ni. Na daɗe da sani."

Ta harare shi tana murmushi. "Malam, riƙe fiyenka. Daidai nika so, kuma na samu."