Yaya Ba-Yarda a Teburin Ƙarshe

A gidanmu Ba-Yarda muke kiran yayata, kuma ita ta jawo wa kanta sunan. Tun muna yara, in ka miƙa mata ruwa sai ta ɗaga kofin ta leƙa gindinsa. Mijinta ma, bawan Allah, in ya ce ta yi kyau sai ta ce, "Me ka aikata?"

Halin nan ya ci mata aiki uku. A kantin magani ta yi ta tsare masu saye da tambaya har suka daina zuwa. A makarantar yara ta hana wani mutum ɗaukar 'yarsa don ba ta san fuskarsa ba, ashe shi ne mai makarantar. Na ukun ba ma ta da zancensa a gida. Ta kai shekara arba'in tana zaune tana cewa ba ta da sa'ar aiki, mu kuwa mun san ba daga sa'a ba ne.

Ni tela ce a kamfanin ɗinka kayan makaranta, mu ashirin da huɗu a ɗaki ɗaya. A bakin ƙofa akwai teburin ƙarshe, inda ake duba kowace riga kafin ta shiga kwali. Kowace tela tana ɗaure rigunanta goma-goma ta maƙala lambarta a jiki. Da mai duba kaya ta bar aiki, na kai Yaya wajen manaja. Ya ba ta gwajin wata uku, ya ƙara da cewa, "Na ji ƙanwarki ce wannan. Ranar da kika ɗaga mata ƙafa, ranar za ki tafi."

Ban taɓa ganin aiki ya karɓi mutum haka ba. Sai ta juya riga ciki waje, ta ja maɓalli, ta ɗaga hammata ga haske, ta zana alli inda ta ga aibi. Abin da muka yi shekaru muna yi mata dariya a kai, ga shi ana yaba mata. Har ƙiba ta fara yi.

Sai dai ɗaurina, lamba tara, kusan kullum sai ya dawo da alli a hammata. Na fara zargin da ni take wanke kanta a idon manaja. Abin ya ci min rai ƙwarai, ni da na kawo ta. Na yi mata magana, ta ce, "Gyara ɗinkinki." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Saura mako guda gwajinta ya ƙare, na shirya mata tarko. Da aka fita hutun rana na cire lambata na maƙala a ɗaurin Uwar Layi, tsohuwar telar da kayanta ba su taɓa dawowa ba, tata kuma na sa a nawa. In lamba tara ta sake dawowa, na kama Yaya.

Ina taka keke ina satar kallonta. Ta juya riga ɗaya, ta juya ta biyu, ta tsaya. Ta kwashi ɗaurin biyu ta wuce ofishin manaja. Jim kaɗan aka kira ni da Uwar Layi.

Muna shiga muka tarar tana cewa, "Ranka ya daɗe, in gwada ni kake yi, gwada ni a fili. An sauya lamba. Wannan ɗinkin ƙanwata ne, ita ke jan yadi in ta zo lanƙwasar hammata. Ko ido rufe na san hannunta."

Manaja ya rantse bai taɓa komai ba. Uwar Layi ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai na ga yarinyar nan a kan kayana ɗazu."

Ban musa ba. Aka dakatar da ni mako biyu. Yaya kuwa nan take manaja ya ce aiki ya zama nata, ba sai mako ya cika ba. Ko godiya ba ta yi ba, ni take kallo.

A bakin titi ta cim min. Kunya ta sa na fara da faɗa. "Yaya, da kin mayar da lambobin kin yi shiru, wa zai sani?"

"Da na san ke ce, da ban san yadda zan yi ba," in ji ta. "Na zargi manaja, na zargi Uwar Layi, har maigadi sai da na zarga. Wallahi, Auta, ke kaɗai ce ban kawo a raina ba."