Masallacin da Yayana Ya Gani a Duniyar Mas

Yayana ne ya shigo mana da masallacin nan cikin shago, a waya, bakinsa har kunne. Wani abokinsa ne ya turo masa hoton daga Duwala ta Kamaru, wai na'urar nan mai tayoyi da Turawa suka aika duniyar Mas ce ta ɗauko. Jar ƙasa ce da duwatsu, can gefe kuma akwai wani tudu mai kumburarren kai da dogon dutse tsaye kusa da shi. An zagaye su da jan layi don kada mai kallo ya ɓata. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa ga ƙubba ga hasumiya, kuma an daɗe ana ɓoye wa Musulmi.

Shagon na mahaifinmu ne, a layin masu atamfa na Kasuwar Kilomita Biyar. Ni nake tsaye a kan kaya tun da na bar makaranta, Yaya shi ke zuwa iyakar Kamaru ya tarbi manyan motoci. Baba kuwa yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, ana gaishe shi yana amsawa. Mutum ne da aka sani da ido. A da daga nesa yake hango turmin atamfa ya ce jabu ce, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ana cewa ni na gado shi, ni ma ina jin kaina da hakan.

Na karɓi wayar na duba, na ce, "Yaya, dutse ne da inuwarsa."

Da na san abin da maganar za ta jawo ma da na faɗe ta, don ba na iya haɗiye irin wannan. Na ce masa ni da zane nake kwana nake tashi. Abin da hannu ya tsara yana da gefe, yana da ma'auni, furen da ke wannan kusurwa za ka same shi a waccan. Wannan hasumiyar tasa a karkace take, rabinta ma inuwa ce, da rana za ta matsa kaɗan da ta rushe. Na nuna masa tabon da ruwan sama ya bari a silin ɗin shagon, wanda tun muna yara muke kira raƙumi, na tambaye shi ko shi ma gina shi aka yi.

Ya ce makarantar Faransa ta cinye mini imani. Na ce Ubangijin da ya halicci duniyar gaba ɗayanta, ya rataye ta babu igiya, ba ya bukatar wani karkataccen dutse ya shaide shi. Maƙwabciyarmu mai sayar da mayafai ta leƙo, Yaya ya miƙa mata wayar. Ko gama riƙewa ba ta yi ba ta ce da Sango, yaren garin, "Mbi ba, na gani, wallahi ga ƙofa ma!" Kafin la'asar an samo masa ƙofa da tagogi, wani mai gyaran takalmi har liman ya hango a tsaye.

Mako biyu muka yi a kan dutsen nan. Yaya ya kai hoton aka wanko shi babba, ya liƙa a jikin kantar shagon. Ni kuma na bi na tono wasu hotunan na duniyar, na samo dutse mai kama da fuskar mutum, da mai kama da cokali, da mai kama da ƙadangare, ina tambayarsa ko ƙadangaren ma aya ce. Har gida muka kai rigimar, muka hana mutane cin tuwo cikin kwanciyar hankali. Ina da gaskiya, har yau ina nan a kan bakana cewa dutse ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda na ji daɗin gaskiyar tawa, har ban kalli komai ba sai ita.

Wata ranar Asabar da hantsi Yaya ya ce Baba ya raba mu. Ya durƙusa gaban kujerar, ya buɗe hoton, ya sa masa wayar a hannu, ya shiga dogon bayani a kan ƙubba da alƙibla. Baba ya riƙe wayar yana saurare. Bayanin ya yi tsawo har fuskar wayar ta mutu, ta koma baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ina tsaye a bayan kujerar, ina gani.

Baba ya ɗaga wayar daidai fuskarsa, ya ƙura mata ido, ya gyaɗa kai.

"Ikon Allah," ya ce. "Ga hasumiyar nan kuwa."

Yaya ya juyo yana mini kallon wanda ya ci gari. Bai dubi wayar ba, ni yake kallo. Na zagayo na tsuguna, na ce, "Baba, ina take? Nuna mini da yatsa." Ya ɗora yatsa a kan baƙin gilashin, a tsakiya, inda mutum zai sa in yana lalube.

A tsugunnen nan abubuwa suka riƙa dawo mini. Ya kai shekara rabon da in ga ya buɗe Alƙur'aninsa, ya ce mana haddarsa yake so ya ƙarfafa, muka ce ma sha Allah. Ya daina hawa babur shi kaɗai, muka ce gwiwa ce. Sau nawa kafaɗarsa ta bugi ƙofar shagon ina ce masa ƙofar ce ta yi ƙunci? Idan aka kawo sabon kaya sai ya murza bakin turmin da yatsu, ya sunsuna, ya faɗi asalinsa, ni kuma in juya ga masu saye ina taƙama cewa Baba ko kallo ba ya bukata. Ni mai idon nan, ni na faɗi haka da bakina.

Ranar Litinin muka kai shi wurin likitan ido a cikin gari. Na tafi da fatan yanar ido ce, a kankare a huta. Likitan ya haska, ya gwada, ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin gani daga gefe a hankali ba tare da zafi ba. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan haske, shi za a yi ƙoƙarin riƙewa da maganin ɗigawa, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya tambaye mu da Faransanci ko babu wanda ke zama tare da tsohon ne a gida. Mu biyu muna tsaye, mu da muke wuni da shi a ɗaki ɗaya kusan kullum.

A bakin asibitin Yaya ya ce ƙaddara ce. Idona ya rufe. Na ce masa ya hango masallaci a duniyar da ko jikokinsa ba za su taka ba, amma bai ga ubansa yana laluben kofin shayi a gabansa ba. Na faɗa da ƙarfi, masu babur suna kallonmu. Bai rama ba. Ya ce kawai, "Ke da kika fi ni ido fa?" Ban yafe masa tambayar ba, ban kuma sami amsarta ba.

Da muka koma shago na kai hannu zan yage hoton daga jikin kanta. Baba ya ji ƙarar takardar.

"Uwata, bar shi," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Zo ki faɗa mini tsakani da Allah, mene ne a ciki?"

Na ce, "Dutse ne, Baba, da inuwa. Mutane ne ke ƙarasa sauran da kansu."

Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ɗan kauce mini kaɗan zuwa hagu.

"To kada ki tsananta wa yayanki," ya ce. "Ni ma shekara guda ke nan haka nake ganinki. Inuwa ce take shigowa da safe ta gaishe ni, ni nake sa mata idanu da hanci in ce ke ce."

Hoton yana nan a jikin kanta, rana ta cinye jan layin. Ni nake ɗiga wa Baba magani safe da yamma, kuma ba na bari kowa ya karɓe ni.