Baƙon Inna na Bakin Dam

Inna, kakata, ta ajiye wankinta ta tsuguna a laka. Wani ɗan tsuntsu ne mai dogon baki da siraran ƙafafu, irin waɗanda ke sauka bakin dam ɗinmu na wajen Gammo lokacin sanyi, su tafi kafin damina. Ya saki fukafukai, sai karkarwa yake.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, rayuwa ta yi tsada. Kawu Sale ya koma fasa tsofaffin batiran mota a bakin dam ɗin, yana cire dalma yana sayar wa masunta, ruwan batirin kuma ya bi laka.

Inna ta naɗe tsuntsun a gefen mayafinta ta kai masa.

"Sale, dubi baƙonmu. Ko jiya sai da na tsinci 'yan'uwansa a mace."

"Haba Inna, tsuntsu ne fa."

"Tsuntsu ne. Amma inda yake sa bakinsa, nan nake ɗibar ruwan kokon 'ya'yanka."

 Washegari Kawu ya kwashe kayansa, bai ƙara fasa batiri ba.

Tsuntsun a cinyarta ya mutu, tana shafa kansa. Sai da na girma na ji cewa irin tsuntsayen nan hamada suke ƙetarowa, kuma dalma ba ta barin jikin yaro lafiya.

Baƙon Inna ya sha doguwar tafiya ya riga mu ɗanɗana gubar. Allah Ya jiƙan Inna.

Ku fa, har yanzu suna sauka a bakin ruwanku?