Mai Ɗanɗana Anza

A bazarar shekarar da fari ya gama da shanun Adar, ban daɗe da gama famfara ba, innarmu ta ajiye ƙwarya a tsakar gidanmu, can ƙauyenmu kusa da Barmu, ta ce mu zo mu ci. Anza ce a ciki. Wanda bai san ta ba, Allah kar ya sanar da shi. Ƴaƴan wani icce ne na daji, ana ɓare su a shanya, a dafa, a jiƙa ana ta sake ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan a ci kamar wake. Rumbunmu ya daɗe da zama wofi. Inna ta ci, yayyena maza suka yi ta kai loma, ni kuwa ƙwaya ɗaya na tauna na kasa haɗiyewa. Ɗaci ne mai shaƙe maƙogwaro, kamar an fasa mini matsarmamar akuya a baki. Na ruga gindin danga ina kakarin amai. Inna ta bi ni da dundu, ta ce iyayi ya yi mini yawa, ana yunwa ina zaɓe.

Sai Kaka, uwar babanmu, ta matso. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a harshe, ta yamutsa fuska ta tofar, sannan ta janye ƙwaryar daga gaban ƙanena Illa, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. "Ba ta yi ba," in ji ta. "Ɗiyar ga ba ƙarya take ba, harshena ta ɗauko. Ke ba ki ji, mazan ga ba su ji, amma cikinsu zai ji." Kafin la'asar kuwa yayyena suna ta zarya bayan gari, hannu dafe da ciki.

Ba a jima ba ciwo ya kwantar da Kaka, aikin ɗanɗanawa ya dawo kaina ni kaɗai. Kowace safiya, kafin in wanke ido, sai a buɗe tukunyar jiƙo. Ruwan ya yi kumfa, ya yi yauƙi, warinsa kamar na tsohuwar rijiya da bunsuru ya mutu a ciki. In tsoma hannu, in ɗauko, in tauna. Har yau in na tuna sai miyau mai tsami ya taru mini a baki. Wuyar abin ita ce, in na ce da saura, sai an sake ruwa, ruwan kuwa daga rijiya mai zurfi ake jawo shi, igiya ta gama cinye tafin hannun Inna. Labari ya bazu, matan unguwa suka fara kawo nasu ƙoƙuna. Sa'o'ina suna carafke a inuwa, ni ina zaune gaban layin ƙoƙuna ina tauna ina tofarwa. Wata maƙwabciyarmu da ƴaƴanta suka kwana ba ci ta ɗauke nata a fusace, ta ce mini mai baƙin harshe.

Ranar da ba na mantawa, Illa ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Wuyansa ya zama kamar sillen kara, ga ciki a gaba. Ya rarrafo ya kama bakin tukunyar. Na ɗanɗana, ɗacin ya ragu, amma yana nan can ƙarshen harshe. Inna, wadda ta dake ni kwanan baya, ta durƙusa gabana. "Mariyama, sake ɗanɗanawa, ko bakinki ne." Na sake. Na ce da saura. Babba zai iya yin zawo ya tashi, Illa ba shi da abin da zawo zai ɗauka ya bari. Inna ta dube ni kamar ta rufe ni da duka, sai ta ɗauki guga ta fita. Ni na goya shi yini guda yana cizon bayana, ina ba shi ruwan dusa, ina ƙyamar bakina da ya hana shi abinci. Sai da rana ta sake fitowa na tauna na ji lami. Ya ci, ya yi barci, bai yi zawo ba. Kaka ba ta ga damina ba, amma Illa ya gani.

Yana nan da ransa, tsoho mai furfura, yana cin ɗanyar gauta kamar dabino. Bai tuna komai ba. Jikata da ke rubuta mini wannan, mai karatun aikin likita a nan Tawa, ta ce abin gado ne kamar tsawo ko wushirya, ana ɗauko shi daga uwa da uba, shi ya sa ciki ɗaya wani ke jin ɗaci sosai, wani kaɗan, wani kusan babu. Cikin ƴaƴana ma haka suka rabu.

Yanzu abinci na nan, Alhamdulillahi, yaran gidan nan ba su san anza ba. Amma ni ɗaci bai sake ni ba. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, irin su Illa ne, ko maɗaci ya sha ba ya motsa fuska. Tun ina amarya, in aka sa gauta a miya, sai ya tsince ta daga kwanona ya kai bakinsa yana dariya, yana cewa, "Kawo nan, gimbiya." Bara ya rasu, kuma ban daina kuka ba, ba na jin kunyar faɗa. Yanzu ni ke ture gautar gefen kwano, tana nan har a zo a kwashe.