Kifin da na kai Nasarawa

Shekarar da na fara aiki a ɗakin karatu na jami'a a Wudil, ni kaɗai nake zaune a wani ɗakin haya kusa da gada. Maigidana yana aiki a kudu, sai da salla yake zuwa. Ranar Asabar ba ni da wurin zuwa. In na gama wanki sai in zauna ina jin manyan motoci suna wucewa.

Ina da wata ƙawa da muka tashi tare a Kausani. Ta yi aure a Kano, a unguwar Nasarawa, inda masu hali suke. Kusan kowane wata sai ta turo min saƙon murya: "Wai ke ba za ki zo ki ga inda nake ba?" Nakan ce ina nan tafe. Gaskiya nauyi nake ji. Na sha buɗe akwati in duba atamfofina, in mayar in rufe.

Na tambayi wata abokiyar aikina, 'yar cikin birni, ko wurin ya kai a je. Ta ce, "Me za ki gani? Daga katanga sai ƙofar ƙarfe. Ko mai rake ba ya bi ta can."

Duk da haka, wata Asabar na sayi soyayyen kifi a bakin gada na hau mota. Mai adaidaita ya sauke ni a wani layi mai inuwar itatuwa, ba kowa a waje. Na daɗe ina buga ƙofa kafin maigadi ya leƙo, ya tambayi wadda nake nema, ya ce in jira.

Da kanta ta fito, ko takalmi babu. Ta riƙo hannuna, muka wuce falo biyu manya, har kicin. A nan ta shimfiɗa mana tabarma. Tana cin kifin tana tambayata wa ya rasu, wa ta haihu, ko tsamiyar bayan gidansu tana nan. Na tambaye ta maƙwabta.

Ta ce, "Shekara huɗu ke nan, ban san fuskar matar gidan da ke jikin namu ba. Yara suna makarantar kwana, shi kuma kullum yana hanya."

Sai na ce mata ni ma haka nake wuni. Ta dube ni, ta turo min kan kifin, domin ta tuna shi nake so tun muna yara.

Bayan la'asar ta rako ni bakin ƙofa, ta ce in kwana mana. Na ce sai wani zuwan, alhali babu mai jirana a gida. Har yau ban san dalilin da ya sa na ƙi ba.

Sau ɗaya na ƙara komawa kafin su tashi zuwa Abuja. Ranar da suka tafi ina wurin aiki, ban samu mun yi sallama ba.