Gogen Rasha a Bayan Sito

Watana uku ke nan da fara aiki a wata masaƙa da ke Challawa, kuma har lokacin ban san matsayina a wurin Baba ba. Baba shi ne shugaban makanikai, shi ke jan mu sallar azahar a ɗan masallacin bayan sito. Idan ya ce kai mutumin kirki ne, kowa zai koya maka aiki. Idan ya yi shiru a kanka, sai ka ƙare da riƙe wa mutane fitila, da digirinka da komai.

Abin da nake ɓoye masa ba babba ba ne, ko da yake a lokacin ban ɗauke shi ƙarami ba. Ƙanwata da ke karatun likita a Rasha ta turo mini bidiyon wani kiɗa na can, wanda suke kira sonata: gogen Turawa da piyano, su biyu kawai, kashi huɗu. A gidanmu na Na'ibawa ba a ambaton goge a gaban manya, don an san wuraren da ake kaɗa shi. Saboda haka da abin kunne nake saurara, lokacin hutun rana, ina yi kamar ina duba saƙo.

Wata Laraba muna zaune a benci bayan salla, ina saurara, sai igiyar abin kunnen ta fizge daga wayar. Goge ya fito fili.

Direban motar ma'aikata ya ajiye cokalinsa. "A'a! Injiniya, ashe kai ma ɗan hannu ne? Yaushe za ka hau bori?"

Na fara bayani, ina cewa wataƙila ba irin wancan gogen ba ne, ko da yake ban isa in yanke hukunci ba. Baba bai kalle ni ba. Ya ce, "Mayar da shi farko."

Na mayar. Piyano ya fara a ƙasa-ƙasa, kamar mai tafiya da kaya a ka. Gogen ya biyo shi da wata murya mai kauri, yana ja yana tsayawa. Mutum shida suka kasa kunne. Bayan ɗan lokaci direba ya ce, "Wannan share fagen ya yi tsawo. Mawaƙin fa?"

"Yana gyara murya," in ji Baba. "Manyan mawaƙa ba sa gaggawa."

Ya kamata in faɗa musu ba mawaƙi. Na kasa, don ban ga yadda zan gyara wa Baba zance a gaban mutane ba. Haka suka jira shi har kashi na biyu, inda gogen ya fusata, yana sara kamar ana faskare. Suka jira shi a na uku, inda ya yi laushi har na ji kunyar tauna abinci. Suna jira, amma na lura ƙafar direba na bugun ƙasa.

Can Baba ya ɗaga yatsa. "Nan masu goge biyu ne."

"Ina ganin, Allah ya gafarta Malam, kamar mutum ɗaya ne. Amma ku duba da kanku."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa. Mace ce, ba ta da wani jiki, tana goga tsirkiya biyu a lokaci guda, kowace da muryarta. Yatsunta na gudu sama da ƙasa, fuskarta kuwa kamar mai tsince shinkafa. Baba ya yi wata dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba. "Ikon Allah! Ko kuskure ɗaya! Shekara nawa ta yi tana koyon wannan? Ku zo ku ga hannu!"

Kawuna suka taru a kan wayar. A ƙarshe gogen ya sirance, yana hawa yana sauka kamar iska ta ƙarƙashin ƙofa, sannan ya ɗauke. Mutanen cikin bidiyon suka ɓarke da tafi.

"Shi ke nan?" in ji direba. "Mawaƙin bai zo ba aka tashi?"

"Wa zai buɗe baki a kan wannan?" in ji Baba. "Ai ita ta faɗi komai."

Jiniya ta yi kuka, kowa ya nufi injinsa. Ina naɗe igiyata sai na ji an taɓa kafaɗata. Baba ne, ya miƙo mini ƙaramar wayarsa mai maɓalli, ya rage murya.

"Ɗana, sa mini shi a katin memori. Amma kada ka haɗa shi wuri ɗaya da wa'azi, Hajiya na ara. In ka gama ka same ni a inji na tara, akwai abin da zan nuna maka."